Allurar Korona a Asibitin Unguwarmu: Ma'aikata Sun Kyauta, Ɗakin Jira Na Buƙatar Gyara

A lokacin da ake ta allurar korona, duk wanda zai kai tsohonsa ko tsohuwarsa a nan Zariya, ba sai ya wahalar da su da tafiya har asibitin koyarwa na Shika ba. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya wadatar, kuma a lokacin ko sisi ba a karɓa. Namu na cikin ganuwa ne, can aka yi mini tawa, can kuma na kai Inna, wadda ta daɗe tana fama da hawan jini.

Tsarin ba shi da wuya. Wata yarinya ce a teburin farko da waya a hannu, tana ɗaukar suna da shekaru da lambar waya, sannan ta cike maka kati mai ɗauke da sunan allurar da ranar dawowa. In sabis ya yi gardama sai an jira, amma laifin ba nata ba ne. Daga nan sai wurin malamar asibiti, kuma saboda wannan baiwar Allah na ɗauki alƙalami.

Inna ba ta je da farin ciki ba. Tana zama ta ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, ba irin ta Kano ba ce?" Duk ɗan Arewa ya san abin da take nufi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, wasu suka nakasa. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, don haka ni ban taɓa ganin wautar mai irin wannan tambaya ba.

Malamar ba ta yi tsaki ba, ba ta ce jahilci ne ba. Ajiye sirinjin ta yi, ta ɗauko kwalbar ta nuna wa Inna sunan da ranar lalacewarta, ta fito da nata katin daga jaka ta ce ita ma an yi mata, haka mahaifinta. Ta tuna mata cewa ɗigon shan-innan da aka yi ta gudu shi ne ya kai mu ga watan Agustan 2020, da aka tabbatar asalin ƙwayar cutar, wadda ake kira ta daji, ta daina yawo a Afirka. Abin da ya fi burge ni, ba ta yi alkawarin ƙarya ba. Ta ce allurar ba ta hana kamuwa ɗungurungum, aikinta ta koya wa jiki gane ƙwayar cutar, ta yadda in ta zo ba za ta kai mutum gadon asibiti da bututun iska a hanci ba, musamman tsofaffi da masu suga ko hawan jini. Ta kuma ce a sa ran ciwon damtse, ko zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya zuwa biyu, a sha farasitamol, in abin ya wuce haka a dawo. Haka kuwa aka yi, Inna ta kwana da ɗan zazzaɓi, washegari da yamma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Da ba a gaya mata ba, na tabbata da ba ta koma ta biyu ba, kuma da duk matan layinmu sun ji labari.

Akwatin sanyinsu ma na duba, a rufe yake da ƙanƙara a ciki, ba a buɗe shi sai za a ɗauko kwalba. Sirinji sabo ake farkewa a gabanka. Bayan allura ana zaunar da mutum kamar minti 15 don a ga ko jiki zai nuna wani abu.

To, sai maganar ɗakin jira, wadda har yanzu take ci mini rai. Cutar nan ta numfashi ce, a iska take bi daga mai tari ko mai magana zuwa na kusa da shi. Amma an tara mu a ɗaki ɗaya da masu awo da masu goyo, tagogi a rufe saboda ƙurar hunturu, kafaɗa na gugar kafaɗa, yawancin takunkumi a haɓa yake rataye. Bokitin wanke hannu yana bakin ƙofa, ruwa ya ƙare tun hantsi, sabulu babu. Ga darbejiya a harabar asibitin da inuwa shar, benci biyu kawai za a fitar. Mutum ya zo neman kariya, bai kamata ya koma gida da abin da ya zo gudu ba. Ni dai na fito da Inna waje, na roƙi yarinyar rajista ta kira mu in layi ya zo.

Jiran ma yana da dalili, sai dai ba wanda ke faɗa. A lokacin, kwalbar allurar AstraZeneca, irin wadda ta fara isowa Najeriya ranar 2 ga Maris 2021 ta shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar korona, ta mutum goma ce, kuma da zarar an huda ta, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa ba sa buɗewa sai mutane sun taru. Ban ga laifinsu ba, don a watan Disamban 2021 an lalata allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja da wa'adinsu ya wuce. Amma ɗan kasuwar da ya rufe shagonsa a Sabon Gari, ko ɗan acaɓa da ya ajiye mashin, in ba a yi masa bayani ba, gani zai yi wulaƙanci ne. A gabana wani dattijo ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Shawarata a lokacin ita ce, wanda zai je, ya je da safe, da takunkuminsa, ya ci abinci, ya kuma haɗa kai da 'yan gidansu ko maƙwabta su tafi tare, kwalba za ta buɗu nan take. Katin kuma a adana shi, don ba wanda ya kira mu tunin allura ta biyu. Na kai wa mai unguwarmu shawara a riƙa sanar da ranar allura a masallaci bayan sallar asuba, ya ce zai yi magana da liman da shugabar asibitin.