Durowar kiwon tsutsar dusa da na saya a Legas, bayan wata huɗu

Jama'a masu kiwon kaji da salwa, tunda kuna ta tambayata a kan durowar nan ta kiwon milwom wato tsutsar dusa, bari in faɗa muku yadda na same ta. A Instagram na ga wani yana sayarwa, ya aiko min har Agege da ɗan okada, durowa ce ta roba mai hawa uku, ya haɗo da tsutsa cikin ƙaramin bokiti da dusar alkama da takardar bayani.

Abin da ya burge ni shi ne hawan sama, ƙasansa raga ce. Nan ake zuba baƙaƙen ƙwarin, su iyayen ke nan, in sun yi ƙwai sai ya zube ta ragar zuwa hawa na biyu, kuma wallahi wannan dabarar ita ce rabin aikin domin ƙwarin nan cin ƙwansu suke yi, har tsutsotsin da suka kwanta suka yi fari suna jiran rikiɗa su zama ƙwari ba sa ƙyalewa, sai ka tsince su ka ware gefe. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta amma ƙwan ƙanana ne ba ka ma ganinsu cikin dusa, ni sai da na yi kusan sati uku ina leƙawa ina cewa ko an damfare ni ne, rannan kawai na ga dusar tana motsi. Daga nan kuma sai ka ba su wata biyu zuwa uku kafin su kai girman da za ka watsa wa kaji.

Inda ban ji daɗi ba takardar ce. An rubuta a riƙa sa musu karas da dankali kullum don su samu ruwa, to ai wannan bayanin ƙasar sanyi ne ko irin su Kano lokacin hunturu, ba Legas da damina ba. Na bi abin da aka rubuta, na sayo karas a kasuwar Mile 12 ina zuba musu da yawa, cikin kwana goma dusar ta yi fumfuna ta dunƙule, ga wasu ƙananan ƙwari farare kamar ƙura sun lulluɓe bangon durowar. Hawa ɗaya gaba ɗaya na zubar, abin ya min ciwo sosai. Da na kira mai sayarwar ya amsa da mutunci, har ya ƙaro min tsutsa kyauta, amma da tun farko ya gyara takardar ai da ba a kai nan ba.

Yanzu yanka ɗaya nake sawa, in ya kwana biyu in cire, sabuwar dusa kuma sai na ɗan gasa ta a kasko ta huce. Na ƙara huda murfin, na sa ƙafafun teburin cikin gwangwani da ruwa saboda kiyashi, tsaka ma tana zuwa da dare. Zafi bai dame su ba in dai ba rana ke dukansu ba, digiri 25 zuwa 28 suka fi so.

Robar ba ta da ƙarfi sosai, hannun durowa ɗaya ya riga ya tsage. Duk da haka zan ce ku saya, musamman mai 'yan tsaki, in kun ga yadda suke rububinta sai kun yi mamaki. Kashin tsutsar kuma rariya nake sawa in tace, maman yara tana zuba wa alayyahunta.