Sitidiyon da ya sa ɗalibaina suka shirya shiri ɗaya sau uku

Ni malami ne a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Bauchi, kuma ni aka ɗora wa alhakin kula da ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai. A farkon damina ɗalibai shida daga cikinsu suka zo mini da buƙatar shirya shirin rediyo na minti 30 a kan zazzaɓin cizon sauro, kuma da yake ba mu da kayan ɗaukar murya sai wayoyin hannu, muka kama hayar wani ƙaramin sitidiyo mai zaman kansa da ke wajejen Yelwa, wanda yawancin masu zuwansa ɗaliban koyon aikin jarida ne daga unguwar Gwallameji da mawaƙan biki. Mun yi zama huɗu a wurin cikin makonni uku.

Wurin ɗaki biyu ne kacal. Na ciki an liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai, akwai makirufo uku da na'urar haɗa sauti da kwamfuta ɗaya, na waje kuma benci ne da tebur. Sautin da ake samu mai tsabta ne, wanda kowace tasha za ta iya sawa ba tare da jin kunya ba. Kuɗin awa ɗaya bai fi ƙarfin ɗalibai shida ba idan suka yi karo-karo, kuma a cikin kuɗin har da zama da wani dattijo, tsohon furodusa da ya yi ritaya daga aikin gidan rediyo, wanda yaran ke kira Baba.

Wannan dattijon shi ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi, duk da cewa allon da ke ƙofa bai ambace shi ba. Ranar farko yaran sun je da rubutunsu shafi biyar, cike da bayanin da suka kwaso daga littafin nazarin halittu, har da sunan macen sauron Anopheles da yadda ƙwayar cutar ke shiga hanta kafin ta koma cikin jini. Ya saurare su har ƙarshe, sannan ya tambayi wadda ta karanta: "'Yata, wa kike gaya wa wannan?" Ta ce jama'a. Ya ce shi a shekarunsa na aiki bai taɓa haɗuwa da wani mutum mai suna jama'a ba, don haka kowa ya ɗauki takarda ya rubuta mutum ɗaya da ya sani, da shekarunsa, da abin da hannunsa ke yi a lokacin da rediyo ke magana. Awar farko gaba ɗaya a kan bencin waje ta ƙare, ba a kunna makirufo ko sau ɗaya ba, kuma na yarda cewa a lokacin raina ya ɗan sosu saboda kuɗin da muka biya.

Daga waccan takarda aka fitar da masu sauraro iri uku, aka raba minti 30 ɗin zuwa gajerun shirye-shirye uku masu minti goma-goma. Na farko na uwar da ke cikin gida ce da hantsi, rediyo na ajiye a gefen murhu, tana wanke-wanke ko tana shirin ɗora girki, hankalinta rabi a wurin yara. A nan Baba ya sa aka zubar da duk bayanin hanta, aka bar abu biyu: a rataya gidan sauro kowane dare, kuma idan ma'aikatan lafiya sun zo gida-gida da maganin rigakafin da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, a tabbata an ƙarasa ba yaro ragowar na kwana biyun da ake bari a hannun uwa. Ya ce a maimaita wannan sau uku a cikin minti goman, domin mai aikin gida ba ta jin shiri daga farko zuwa ƙarshe, kuma a sa shi cikin ɗan wasan kwaikwayo tsakanin uwargida da maƙwabciyarta.

Na biyu na magidanci ne, manomi a Dass ko Alkaleri, wanda ya dawo daga gona ya zauna a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Baba ya gargaɗi yaran kada su raina wannan mutumin, domin ya tashi yana jin sashen Hausa na BBC da ke magana tun 1957, kuma kunnensa ya san bambancin wanda ya san abin da yake faɗa da wanda yake karanto shi. Shi hira aka tsara masa da ma'aikacin lafiya, a kan abin da ya shafi aljihunsa: kwana nawa zazzaɓi ke kwantar da mutum a tsakiyar noman farko, da dalilin yin gwajin jini kafin a sayi magani a kemis. Na uku, na 'yan uwansu ɗalibai, shi ne mafi sauƙi, tambaya da amsa cikin raha, kuma an yanka shi guntu-guntu don yawo a WhatsApp, tunda tsararsu a waya suke jin komai.

Abu biyu da Baba ya yi sun ƙara masa daraja a idona. Yaran sun je kasuwar Wunti jin ra'ayin mutane, suka dawo da muryar wani mai maganin gargajiya da ke cewa jiƙonsa na raba mutum da zazzaɓi har abada, kuma sun so sawa saboda muryar tana da armashi. Ya cire ta, ya bayyana musu cewa ƙa'idojin hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 don kula da kafofin watsa labarai, ba su yarda da irin wannan iƙirari ba, kuma tashar da ta sa shi ita za ta ɗauki alhakin. Na biyu kuma, da wani yaro ya nemi a sake ɗaukar muryar wata dattijuwa saboda Hausarta ta Guddiri ce, ba irin ta littafi ba, sai ya ce masa mai gabatarwa ne aka wajabta wa daidaitacciyar Hausa, amma baƙon shiri da harshen gidansu yake zuwa.

Sai dai akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Ɗakin ɗaukar murya ba shi da na'urar sanyaya wuri, kuma dole a kashe fanka idan an fara ɗauka, saboda haka bayan minti ashirin kowa ya jiƙe da gumi, muryoyi su fara dusashewa. Idan an ɗauke wuta, janaretan da ke bayan ɗakin yana shigar da wani gurnani a ƙarƙashin sauti, wanda sai an yi aiki kafin a goge shi. A zamanmu na uku mun tarar an ba wasu mawaƙa lokacinmu, muka jira fiye da awa ɗaya da yara 'yan makaranta waɗanda iyayensu ke jiran dawowarsu kafin magariba, kuma ba a rage mana ko sisi ba. Abin da ya fi damuna shi ne tace sauti: saurayin da ke kan kwamfuta yana amfani da Audacity, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta, amma yana yin aikin da sauri ya juya wa yaran baya, alhali koyo ne ya kai su. Haka kuma masu sitidiyon ba su da wanda zai duba rubutun Fulfulde, a jihar da ba a rasa masu sauraro da wannan harshe ba, dole muka bar wannan sashe.

Wanda zai kai ɗalibai ya sani cewa sitidiyon bai da hannu a sa shiri a iska. Fayil za su miƙa maka, sauran magana tsakaninka ne da gidajen rediyo irin su BRC na gwamnatin jihar Bauchi ko Globe FM ko Albarka Radio, kuma lokacin hantsi da na bayan isha'i da aka tsara shirye-shiryen dominsu su ne lokutan da kowa ke nema. Gara a fara wannan magana kafin a shiga ɗaukar murya, a kuma nemi ranar da Baba yake nan, domin Talata da Alhamis kaɗai yake zuwa.