Lua ko njs: wanne modul za ka ɗora wa sabar Nginx?

Duk mai kula da sabar Nginx, wato manhajar da ke miƙa wa masu shigowa shafukan intanet, ya san ranar da fayil ɗin saiti ke gazawa. Kana son a tantance mai shigowa kafin a buɗe masa shafi, ko a juya buƙata wani wuri bisa sharaɗi, sai ka ga saitin ya cukurkuɗe. A nan ake neman modul, wato ƙarin da ake ɗora wa sabar, wanda zai ba ka damar rubuta ɗan shiri a cikin sabar kanta. Manyan zaɓin biyu ne: harshen shirye-shirye na Lua ta hanyar OpenResty (Nginx da aka haɗa da Lua), da kuma njs, mai amfani da harshen JavaScript. Dukansu kyauta ne, abin da za ka kashe lokacinka ne, musamman ranar da abu ya lalace cikin dare. Shi ya sa nake auna su da sauƙin gano kuskure.

OpenResty aikin Yichun Zhang ne, yana tafiya a kan LuaJIT, injin gudanar da Lua na Mike Pall, wanda ke bin ƙa'idar Lua 5.1. Ƙarfin OpenResty yana wajen magana da rumbunan bayanai irin su Redis ko MySQL kai tsaye ta laburare irin su lua-resty-redis ba tare da ya tsayar da sabar ba. A kansa aka gina Kong, manhajar da ke tsare ƙofar shiga wasu sabar. Kayan bincikensa ma sun wadata: ngx.log na zuba saƙonka a fayil ɗin kurakurai, umarnin resty na gwada shiri ba sai ka tayar da sabar ba, ga Test::Nginx don gwaji mai tsari.

Amma akwai tarko biyu, kuma su ne ke kayar da mutane. Ma'aikacin Nginx ɗaya (worker, shirin da ke karɓar buƙatu) yana hidima wa dubban masu shigowa, kamar mai shago guda da layi a gabansa: ya tafi neman canji, kowa ya tsaya. Da zarar ka kira os.execute, ko ka yi magana da wata sabar ta laburaren Lua da ba don OpenResty aka rubuta ba, shi ke nan ka tsayar da layin. Na biyun ya fi wuyar gani. Abin da ka ajiye a saman fayil ɗin modul, duk buƙatun da suka biyo ta wannan ma'aikacin suna tarayya a kansa, har bayanin wani ya faɗa hannun wani. Abin takaicin shi ne, idan ka kashe lua_code_cache, saitin da ke riƙe shirin Lua a ƙwaƙwalwar sabar, don sauƙin gwaji, matsalar ɓuya take yi, sai an fito da shafin ga jama'a ta bayyana. Don haka kada ka yarda da gwajin da ba a kunna shi ba.

Shi kuwa njs daga gidan Nginx ya fito, a 2015, da sunan nginScript. Ana saka shi da load_module da js_import, kowace buƙata kuma da nata muhallin, ka ga wancan tarkon na biyu ya ragu ƙwarai. Yana da r.log da r.error, da ngx.fetch don kiran wata sabar. Sai dai kada sunan JavaScript ya ruɗe ka: ba Node.js ba ne, sanannen muhallin gudanar da JavaScript a sabar, yawancin kayan npm, rumbun laburarensa, ba za su hau yadda suke ba. An ƙara masa QuickJS, wani injin gudanar da JavaScript, a 2024, ya samu faɗi, amma a yawan laburare bai kamo ƙafar OpenResty ba.

Masu Apache 2.4, wata sabar daban da Nginx, suna da modul ɗin Lua mai suna mod_lua a gida, ba sai sun yi ƙaura ba. A kiyaye shi dai a sabar da ake rabawa da mutanen da ba a amince da su ba, domin yana taɓa cikin sabar sosai.

Ni a ganina, idan aikin ƙarami ne, gyaran kan saƙo (header) ko duba tikitin shiga (token), ɗauki njs. Idan kowace buƙata sai ta leƙa rumbun bayanai, OpenResty ne naka, amma ka ɗora shi dunƙule yadda masu shi suka haɗa. Wanda duk ka zaɓa, fara buga nginx -V ka ga sigar da kake da ita da yadda aka gina ta, domin modul ɗin da aka gina wa wata siga ƙin hawa yake yi. Ka duba ko akwai --with-debug a jerin. Idan akwai, debug_connection zai ba ka cikakken bayani kan adireshinka kaɗai, ba tare da faifan ya cika ba.