Faifan The Lost TV Episodes na Doctor Who: wanne za a saya, wanne za a bari

BBC ta fara nuna Doctor Who, wasan kwaikwayon talabijin na wani Doctor mai yawo tsakanin zamani da duniyoyi, a 1963, lokacin da tef ɗin bidiyo ke da tsada, ana goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa. Kwafin fim da ake sayar wa tashoshin ƙasashen waje su ma an lalata da yawansu a shekarun 1970. Ko bayan kashi tara da aka gano a Jos a 2013, kashi 97 cikin 253 na farko ne suka rage babu hotonsu a lokacin. Amma sautin kowane kashi yana nan, domin wasu masu kallo a Ingila sun riƙa ɗauka da rikodar gida yayin da ake nunawa. Wannan sautin ne aka tace aka tara a akwati biyar na faifan CD mai suna The Lost TV Episodes, na farkon ya fito a 2010.

Ingancin sautin ya danganta da yadda aka ɗauke shi tun asali. Wanda ya ajiye makirufo gaban lasifikar talabijin ya kwaso har da amon ɗaki da ƙugin lantarki, muryoyin kuma su fito kamar daga cikin tulu. Graham Strong kuwa ya koma jona waya daga cikin talabijin kai tsaye zuwa rikoda, shi ya sa nasa ke fita tas, kuma a kansa aka dogara a labarai da dama tun daga The Daleks' Master Plan. Mark Ayres, wanda ya yi aikin gyaran, yakan daidaita gudun tef, ya rage ƙugi, ya cike gurbin da ya yanke da kwafin wani. Da iyafis a kunne wani lokaci za ka ji inda aka yi ɗinkin: sautin ya ɗan sauya na daƙiƙoƙi sannan ya dawo. Ba laifin faifan ba ne, kada a mayar.

Inda babu magana, an sa ɗaya daga cikin 'yan wasan asali yana bayyana abin da ke faruwa, kamar William Russell, Peter Purves, Anneke Wills da Frazer Hines. A nan ne ake gane labarin da kunne kaɗai zai iya ɗauka. Marco Polo, kashi bakwai a akwatin farko, ko daƙiƙa ɗaya ta hotonsa mai motsi ba ta tsira ba, amma da wuya ka ji rashin. Tafiyar ayari ce zuwa fadar Kublai Khan, magana ce ke jan ta, kuma shi Marco da kansa yana karanta abin da yake rubutawa a littafin tafiyarsa, don haka mai bayani bai da aiki mai yawa. The Massacre a akwati na biyu ma haka yake, makirci ne na siyasa da addini a Faris ta 1572. Sai dai yana buƙatar natsuwa: sunayen Faransawa sun yi yawa, kuma William Hartnell, mai fitowa a matsayin Doctor, mutum biyu ya fito, in hankalinka ya tafi na minti biyu ka rasa wa ke magana.

The Celestial Toymaker kuwa wahala ce tsantsa. Wasannin tsalle da rawa ne da aka shirya don ido, mai bayani sai ya koma kamar mai sharhin wasan da ba ka san dokarsa ba. The Space Pirates a akwati na biyar bai fi shi da yawa ba, jirage na shawagi, kiɗa na tashi, kai kana zaune kana jira.

Abin mamaki, labaran tsoro sun fi kowa cin riba. A Fury from the Deep, bugun nan mai kama da na zuciya da ke fitowa daga bututun gas ya fi razanarwa idan babu kumfar sabulun da aka nuna a allo. The Power of the Daleks, labarin farko na Patrick Troughton a matsayin Doctor, shi ma ya zauna daram, domin muryar Dalek, muguwar halittar nan da ke cikin sulken ƙarfe, tana nanata cewa ita baiwa ce ta ishi mai sauraro.

Kafin a saya, a duba abu biyu. Na farko, akwati na biyar ya rage daraja tun da aka samo The Enemy of the World cikakke da mafi yawan The Web of Fear, sannan an mai da labarai da yawa na akwati na uku da na huɗu zane mai motsi a kan wannan sautin dai, ciki har da The Power of the Daleks gaba ɗayansa a 2016. Mai kuɗin akwati ɗaya ya ɗauki na farko ko na biyu. Na biyu, a kula da tsoffin bugu a hannun masu sayar da kwance. Kaset ɗin 1992 da 1993 da Tom Baker da Colin Baker, waɗanda su ma sun taɓa fitowa a matsayin Doctor, suka yi wa bayani sun riga wannan gyaran, sautinsu a dushe yake. The Macra Terror ma iri biyu ne, tsohon na Colin Baker da wanda Anneke Wills ta sake yi wa akwati na huɗu, kuma nata ya fi bin abin da ke faruwa daki-daki.

Kowane kashi kusan minti 25 ne, an tsara shi don mako-mako. Biyu a zama ɗaya sun isa, musamman The Daleks' Master Plan mai kashi 12, wanda na bakwai ɗinsa barkwancin Kirsimeti ne na 1965 da ihu da guje-guje suka cika, ana iya tsallake shi ba a rasa komai na labarin ba.