DLC, CrN ko TiN: Wane Shafi Ya Dace da Kayan Injin Tsere?

Makanikin da ke haɗa injin tsere a Suame Magazin da ke Kumasi, na mota ne ko na babur, zai tarar dillalan waje suna tallar bawul da ringi da fin ɗin fistan masu shafi iri-iri, wato siririn rufi mai tauri da ke rage gogayya da cinyewar ƙarfe, a farashin da ya fi na gama-gari nesa ba kusa ba. Ana yin wannan shafi ne a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, kuma kaurinsa yawanci maikiron 1 zuwa 5 ne, alhali silin gashin kai yakan kai maikiron 70.

DLC, wato baƙin shafin kabon mai taurin gaske, shi ne ya fi santsi. Ma'aunin gogayyarsa da ƙarfe idan babu mai yana tsakanin 0.1 da 0.2, na TiN (shafin taitaniyam da naitirojin) kuwa wajen 0.4 ne; ƙaramin adadi na nufin ƙarin santsi. Saboda haka ake sa shi a fin ɗin fistan da kuma kan tafet inda kamshaf ke dannawa, wuraren da nauyi ya yi yawa kuma mai yakan yi ƙaranci. Rauninsa shi ne zafi, domin nau'insa mai haidirojin yana fara lalacewa daga digiri 300 zuwa 350 a ma'aunin Salsiyas, ga shi kuma ba ya jituwa da baƙin man da ke ɗauke da MoDTC, wani sinadarin rage gogayya da yakan cinye wannan shafi da wuri. Ya kamata a duba irin man da za a zuba tun kafin a biya kuɗi.

CrN, shafin kuromiyam da naitirojin mai launin azurfa, bai kai DLC santsi ba, amma yana jure zafi har wajen digiri 700 kuma ba ya saurin tsagewa. A ganina shi ne zaɓin ringi da bawul na taitaniyam, musamman na ɓangaren hayaƙi. TiN mai ruwan zinariya, wanda aka saba gani a bakin dirin huda ƙarfe, yana da tauri, sai dai a cikin injin ba kasafai yake fin waɗannan biyu ba.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashi. Shafi siriri a kan ƙarfe mai laushi yana fashewa kamar ɓawon ƙwai, kuma idan ba a goge fuskar ƙarfen ta yi sumul ba, taurin shafin zai riƙa kankare abokin gogayyarsa. Mai aika kayansa a shafa ya tambayi zafin aikin, domin TiN yakan buƙaci wajen digiri 450, wanda zai sassauta ƙarfen da aka gasa a ƙasa da digiri 200, yayin da DLC ake yin sa a zafin da bai kai na TiN ba.

Baƙin launi kaɗai ba shaida ba ne, tun da akwai rinin ƙarfe mai arha da ke kama da DLC a ido. A nemi takardar da ta bayyana nau'in shafin da kaurinsa da kamfanin da ya yi shi, irin su Oerlikon Balzers ko Ionbond. Idan kuɗin bai isa duka ba, a fara da tafet da fin ɗin fistan, ragowar kuma a sayi matatar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu.