Gargaɗi ga 'yan uwa a Kanada: hattara da masu tayoyin hunturu na "biyu gaba, biyu baya"

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Kanada, musamman waɗanda bana ne hunturunsu na farko da mota a hannu. Akwai wasu mutane da ke tallan tayoyin hunturu na hannu a shafukan saye da sayarwa irin su Facebook Marketplace da Kijiji, kuma tallan ya fara shigowa guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, domin wani yakan tura wa wani da kyakkyawar niyya yana ganin ya samo wa jama'a sauƙi. Don Allah a dakata da turawa. Abin da suke sayarwa zai iya kashe mutum.

Wanda na fi sanin aikinsa yana wajen garin Toronto, a bayan wani ɗakin ajiyar kaya na haya. Ba shi da shago, ba shi da allon suna, ba ya ba da rasit, kuma sunansa da lambarsa a tallan yau daban suke da na makon jiya. Hoton da yake sakawa na tayoyi huɗu ne iri ɗaya, baƙi wuluk, zanensu cike. Farashin bai kai rabin na sabbi ba, har da ɗaurawa. Sai ya ce ka zo da yamma bayan an tashi aiki, alhali a watan Nuwamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa. In ka je, sai ka tarar tayoyin ba irin na hoto ba ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. A nan ne yake buɗe baki ya yi maka karatu, cikin natsuwa da fara'a. Wai shi da gangan ya haɗa su haka. Biyu masu laushi a gaba don su kama ƙanƙara, biyu masu tauri a baya don mota ta ji sitiyari, kada ta yi lumui a kan babban titi. Wai ƙwararrun direbobi haka suke yi, shagunan taya ne kawai ba sa faɗa don su sayar maka da huɗu.

Ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiyar ita ce kayansa tsince-tsince ne daga wajen 'yan gwangwan da tarin tayoyin da gareji suka cire, ba ya iya haɗa huɗu iri ɗaya, shi ya sa ya ƙirƙiro wa tarkacensa hujja.

Abin da ya sa maganar take shiga kunne shi ne akwai ƙamshin gaskiya a jikinta. Da gaske ne mai zaɓen tayar hunturu yana tsakanin abu biyu. Akwai masu roba mai laushi ƙwarai, da zane mai tsaga-tsaga ƙanana masu yawa, irin su Bridgestone Blizzak WS, da Michelin X-Ice, da Nokian Hakkapeliitta R. Waɗannan su ne gwanayen ƙanƙara da dusar ƙanƙara, amma a busasshen titi za ka ji sitiyari ya ɗan yi nauyin amsawa, mota tana ɗan langaɓewa a kwana. Akwai kuma irin su Michelin Pilot Alpin da Pirelli Sottozero, waɗanda aka yi don manyan titunan da ake sharewa ana zuba musu gishiri. Su sun fi tsayawa daram a busasshe da jiƙaƙƙen titi, suna ɗaukar gudu, amma a kan ƙanƙara zalla ba su kai na farko ba. Ko harafin gudun da ke jikinsu yakan nuna: T na nufin kilomita 190 a awa, H 210, V 240, kuma na farkon sun fi zuwa da T ko H, na biyun da H ko V. Sai masu ƙusoshi, waɗanda dokar kowane lardi daban take a kansu. A Kebek an yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, mazauna kudancin Ontariyo kuwa ba a ba su izini ba. Wanda ke Winnipeg ko Edmonton, inda titi kan daskare wata da watanni, bukatarsa daban da ta wanda kullum yake kan babban titin 401 na Ontariyo. Wannan zaɓi ne na gaske, kuma kowa ya zauna ya yi shi. Amma duk wanda ka zaɓa, ƙafa huɗun motar za ka sa wa. Ba a raba shi tsakanin gaba da baya.

Yawancin motocin da muke hawa, su Corolla da Civic da Elantra, masu jan gaba ne. In ka sa tayoyi masu kamawa a gaba, mota za ta tashi daga danja lafiya lau ko da titi ya yi fari, sai ka samu natsuwa ka ƙara wuta. Amma tayoyin baya su ne ke riƙe motar a kan layinta. Da zarar ka taka birki nauyin mota ya koma gaba, bayan ya yi sakayau. In hakan ya zo daidai kwana, ko wajen sauka daga babban titi, ko a kan gada, wadda takan riga sauran titi daskarewa, gaban zai kama, bayan ya sulluɓe ya zagayo, kafin ka ce me ka ga kana kallon inda ka fito. Direban da ya shekara ashirin yana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna ma bai taɓa koyon yadda ake kamo wannan ba, domin ba mu da inda za mu koya. In kuma aka juya, masu kamawa suka koma baya, sai ka murɗa sitiyari mota ta ƙi, ta miƙe. Shi ya sa ma'aikatar sufuri ta Kanada take cewa a sa tayoyin hunturu huɗu-huɗu, kada a gauraya zane ko girma. Masu fowil, wato motar da ke ja da ƙafa huɗu, kada su ce abin bai shafe su ba. Fowil na taimaka wa mota ta tashi, ba ta ƙara mata komai wajen tsayawa.

Wani ƙaninmu ɗalibi ya kawo mini Corolla ɗinsa bayan mutumin nan ya ɗaura masa, muka haska da fitilar waya muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na gaban biyu tayoyin hunturu ne na gaske, amma kamfani daban-daban. A gefen kowace taya akwai layin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Ta hagu an rubuta 3814, wato mako na 38 a 2014. Ta dama kuwa daidai wurin lambobin an goge shi da garanda, ya yi sumul, an bi da man ƙyalli don kada a lura. Na danna farce a zanen, ko alama bai shiga ba. Cikin ramukan zanen duk ƙananan tsaguwa ne, kamar tafin ƙafa da hunturun gida. A kafaɗar ɗaya daga na baya akwai faci na cusawa, a inda babu mai facin kirki da zai yarda ya taɓa, domin gefen taya lanƙwasa yake yi kullum, faci ba ya zama a nan. Yaron nan da wannan motar yake kai abinci gida-gida har tsakar dare. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Amfanin tayar hunturu yana cikin robarta. An haɗa ta ne don ta zauna da laushi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, lokacin da robar taya ta yau da kullum ke fara sandarewa. Shekaru kuwa suna busar da roba ko da ba a hau ta ba. Michelin da kansu sun ce daga shekara biyar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta komai kyawunta a ido, kamfanonin mota da dama kuma shekara shida suke faɗa. Saboda haka tsohuwar taya mai babban suna ba ta da wani abin da za ta ba ka sai sunan. Cikakkiyar lambar DOT sau da yawa a gefe ɗaya kawai take, sai ka juya tayar. In an riga an ɗaura an mayar da lambar ciki, sunkuya ka leƙa. In ka ga lambobi uku maimakon huɗu, tayar ta girmi shekarar 2000.

Na bayan motar ƙanin namu ba ma tayoyin hunturu ba ne. M+S, wato laka da dusar ƙanƙara, kawai aka rubuta a jikinsu, kuma da wannan rubutun mutumin ya nuna masa ya ce ga shaida. M+S ana ba da shi ne bisa siffar zane, ba tare da an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ba, kuma akasarin tayoyin da motoci ke zuwa da su a nan suna ɗauke da shi. Shaidar gaske ita ce hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa, a zube cikin robar gefen taya. Taya ba ta samun wannan sai ta ci gwajin ja a kan dusar ƙanƙara. A Kebek, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, motar da aka yi wa rajista a lardin dole ta kasance da tayoyi masu wannan tambarin ko masu ƙusoshi, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300 ce. Jamus ma tun Oktoban 2024 ta daina karɓar M+S shi kaɗai a matsayin tayar hunturu. A Ontariyo doka ba ta tilasta ba, amma tun 2016 kamfanonin inshora suke rage kuɗi ga mai tayoyin hunturu. Ka lura da wannan: in ka kira su ka ce ka sa huɗu alhali biyu M+S ne, ka faɗi abin da ba haka yake ba, kuma ranar da aka yi haɗari ana iya duba ƙafafun motar.

Sai zancen "saura kashi 80" da suke rubutawa a kowane talla. Kada ka karɓi kashi a baki, ka auna. Ɗan gejin auna zurfin zane bai fi kuɗin kofin shayi biyu ba. Sabuwar tayar hunturu takan zo da zurfin wajen milimita 8 zuwa 10. Iyakar doka wajen milimita 1.6 ce, kuma da ita 'yan damfara ke fakewa, su nuna maka ɗan tudun da ke cikin ramin zane su ce ai ba ta taɓo shi ba. Wannan iyakar ba ta dusar ƙanƙara ba ce. Ma'aikatar sufuri ta ce tayar da ta kusa milimita 4 kada a hau titi mai dusar ƙanƙara da ita. Tayar da ta rage 5, hunturu ɗaya za ta yi maka, in ta yi. Blizzak WS ma robar musamman da ke kama ƙanƙara a saman zanen take, kaɗan fiye da rabinsa, in an cinye wannan abin da ya rage robar hunturu ce ta gama-gari. Auna a gefen ciki da tsakiya da gefen waje, domin tayar da aka ciro daga motar da ƙafarta ta karkace takan suɗe a ciki, waje yana nan kamar sabo.

Akwai kuma waɗanda ko tayar ba su da ita. Da zarar dusar farko ta sauka, shaguna suka cika, sai su saka hoton da suka ɗauko daga tallan wani, su ce mutane da yawa na nema, ka turo kafin alƙalami ta e-Transfer, wato tura kuɗi ta banki, a ajiye maka. Kuɗin na shiga, lambar ta mutu, kuma dawo da irin wannan kuɗin abu ne mai wuya. Kada a yi cinikin biri a sama.

In tayoyin da wili suke, a duba shi ma. Suna cewa "duk Toyota yana shiga". Corolla na shekarun nan ramukan notinta 5x100 ne, Camry kuwa 5x114.3, wato duk ramuka biyar ne amma tazararsu daban, ba sa musanya. Girman tayar da motarka ke bukata, irin 205/55R16, da yawan iskar da za a ba ta, suna rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Na san abin da ke kai mu wajen mutanen nan. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, inshorar sabon direba, ga na gida suna jira. Mun kuma taso da tayar Beljiyam, ba ma ganin aibu a taya ta hannu. Ba na cewa duk mai sayar da ta hannu macuci ne. Akwai wanda ya canza mota ya fito da tayoyin da ya yi hunturu biyu da su, huɗu iri ɗaya, har da rasit, zai bar ka ka juya su da rana tsaka ka auna. Wannan ciniki ne mai kyau. In ba ka samu irinsa ba, sabuwar taya ta kamfani mai sauƙin kuɗi, mai tambarin dutse, ta fi tsohuwar mai suna nesa ba kusa ba. Kamfanonin taya sukan yi rangwame a kaka. A Manitoba hukumar inshorar lardi tana ba da rancen sayen tayoyin hunturu mai ƙaramin ruwa har dala 2,000, wanda kuma yake gudun ruwa ya nemi 'yan uwa a yi masa karo-karo ko ya shiga adashe, ba abin kunya ba ne. Wanda ba shi da wurin ajiye tayoyi takwas, akwai na duk shekara masu tambarin dutsen, irin Michelin CrossClimate 2. Ba su kai na hunturu zalla ba a ƙanƙara, amma sun wadatar a garin da ake share titi.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya kai motar shagon taya mai rajista a duba kafin sanyi ya kankama, kuma kafin nan ya rage gudu ya bar tazara mai yawa. Ya ɗauki hoton tallan da hirar da suka yi da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara a shafin da ya ga tallan, da wajen 'yan sanda, da cibiyar yaƙi da damfara ta Kanada. Yin ƙorafi haƙƙinka ne ko da takardar ɗalibi ko ta aiki kake zaune. Tayoyin da aka cire kuma, ina roƙon ku da girman Allah, kada a sake saka su a guruf don a mayar da kuɗi, kada kuma a cusa su a kwantena a aika gida. A bar su a shagon su tafi wajen masu sarrafa tsohuwar roba.