Mai gyaran wutar da ya gano matsalar gidanmu a Aboabo

Wata biyu cur muna fama a gidanmu na Aboabo, nan Kumasi. Wuta sai ta ɗauke mana mu kaɗai, ta maƙwabta na nan garau. Da farko mun zaci dumsor ne, wato ɗauke wutar da kamfani ke yi, sai da babban ɗana ya leƙa allon wuta a zaure ya ga makunnin kariya, wanda masu aikin ke kira RCD, ya faɗo. A ɗaga shi wuta ta dawo, a kwana uku lafiya, sannan a dare ɗaya ya faɗi sau biyu. Ni kuwa sobolo da burkina nake sayarwa, firiza ce jarina. Ranar da na tashi da asuba na tarar burkinar kwana biyu ta lalace, na ce abin ya isa haka.

Wanda muka fara kira bai auna komai ba. Ya ce makunnin ya tsufa, muka je Adum muka sayo sabo, bayan kwana huɗu shi ma ya faɗi. Sai ya ce bari ya haɗa wayar kai tsaye mu huta. Maigida ya ƙi, Allah ya saka masa, don yara ba takalmi suke yawo a tsakar gidan nan.

Mijin ƙanwata ne ya turo mana na biyu, wanda kowa ke ce wa Masta. Kafin ya taɓa komai ya nuna mana katin shaidarsa na Hukumar Makamashi, wadda dokar wayarin ta 2011 ta ɗora wa tantance masu wannan sana'a. Ya zauna ya yi ta tambaya kamar likita: ƙarfe nawa take ɗaukewa, an yi ruwa ranar, me ke kunne? Har na fara ƙosawa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, makunnin nan lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi." Wai wutar da ta fita ta waya ɗaya dole ta dawo ta ɗayar daidai wa daida. In wata ta zurare ƙasa har ta kai miliamp 30, sai ya yanke, kuma tun daga 15 yana iya yankewa, don kada jikin mutum ya zama hanyarta.

Ya maƙala wata na'ura mai baki kamar ƙaguwa a wayoyin, muka kashe komai, muna kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Firizata na zurarwa kaɗan, amma bai kai ya kayar da makunnin ba. Injin jan ruwa zuwa tanki ya auna shi ranar da rana ta ƙwalle, bai ga abin kirki ba. A nan ya burge ni, domin bai ƙirƙiro laifi ya karɓi kuɗi ba. Ya ce in kira shi ranar da aka yi ruwa. Da ya dawo, ya cire layin injin ya gwada shi da na'urar da ke tura bolt 500. Ya ce a awon ƙarfin rufin waya na hana wuta zurarewa, waya mai lafiya ba ta sauka ƙasa da megom 1, wannan ko kusa ba ta kai ba. Muka bi ta har bayan tanki, ashe an haɗa ta da salatif an binne cikin laka. Ga kuma dalilin dare: sai tsakar dare ruwan famfo ke zuwa mana, injin ya tashi da kansa, zurarar jiƙaƙƙiyar waya ta haɗu da ta firiza.

Inda na ga gazawarsa: ya ce ƙarfe tara, sai bayan azahar ya zo, kuma samunsa a waya aiki ne. Kuɗinsa ya kusa ninka na na farko, sai dai har da sabuwar waya cikin bututun roba da akwatin da ruwa ba ya shiga. Ya koya wa ɗana danna maɓallin gwaji mai harafin T duk wata uku. In makunnin bai faɗi ba, a kira shi.

Mako shida ke nan, an sha ruwan sama, wuta ba ta ɗauke ba. Firizar ya ce ba aikinsa ba ce, in kai wa mai gyaran firiji. Har yanzu ban kai ba, ina jiran kuɗin adashi.